Gidan mai zane a Ash Town: abin da za ki duba kafin ki ba da ko sidi ɗaya

Wata Hajiya daga Aboabo, a birnin Kumasi na ƙasar Ghana, ta aiko da wannan tambaya: "Ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kejetia. An yi mini tallan wani tsohon gidan bene a Ash Town, na wani mai zane da ya rasu, wanda a zamaninsa ya yi suna wajen allunan talla da hotunan mutane. A bayan gidan akwai ɗakunan aikinsa guda uku, har yanzu da gwangwanayen fenti da tsofaffin alluna a ciki. 'Ya'yansa ne ke son sayarwa. Ɗana da ke Jamus zai kawo rabin kuɗin. Nufina mu gyara mu zauna a sama, ɗakunan aikin kuma a buɗe wa yaran zango su koyi zane da ɗinki da dukanci. Dillali ya ce tarihin gidan kaɗai ya isa kuɗin da aka sa. Me zan duba, kuma ta ina ake fara gyara?"

Hajiya, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Na daɗe ina aikin gyaran tsofaffin gidaje a Kumasi, daga Asawase har Fante New Town, kuma zan faɗa miki abin da zan faɗa wa yayata uwa ɗaya uba ɗaya. Maganar dillali ki ajiye ta a gefe. Shi ladansa yana ƙaruwa ne da tsadar gida. Tarihin marigayi ba zai tsaya miki a kotu ba, kuma ba zai hana yoyo ba. Yana da daraja, zan zo kansa, amma sai an tabbatar gidan na sayuwa ne tukuna.

Kalmar da ta tsaya mini a tambayarki ita ce "'ya'yansa". A gidan Bahaushe, in uba ya rasu aka ce 'ya'ya sun haɗu za su sayar, magana ta kusa ƙarewa, sai a nemo matan da aka bari da sauran masu rabo. A gidan Tonawa, wato mutanen Asante, lissafin daban ne, domin a al'adarsu gado ta ɗakin uwa yake bi, ɗan 'yar'uwa ke gadon kawunsa. Tsofaffin benayen Ash Town da yawa kuɗin noman koko ne ya gina su, tsakanin shekarun 1920 da 1950. To ki tambaya: wa ya gina wannan? In mai zanen ne ya sayi filin da guminsa, ya gina, ya rasu bayan 1985 ba tare da wasiyya ba, to dokar gado ta wannan shekarar, wadda kowa ke kira Doka ta 111, ta ba matarsa da 'ya'yansa gidan in gida ɗaya kaɗai ya bari. Amma in kawunsa ne ya gina, shi kuma ya gada a matsayin ɗan 'yar'uwa, to gidan dangi ne. Riƙo kawai marigayin ya yi, ko da ya shekara hamsin yana zane a ciki, kuma Doka ta 111 ba ta taɓa dukiyar dangi. A nan 'ya'yan da ya haifa ba su da ikon sayar da ko ƙofa ɗaya. Mai iko shi ne shugaban dangi, abusuapanyin, shi ma sai da yardar manyan dangin.

Wannan ne ya sa kike ganin bangaye a gari an rubuta da jan fenti da Turanci cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne. Kowane irin wannan rubutu, ki ƙaddara akwai wanda ya taɓa yunƙurin sayarwa a bayan idon 'yan'uwansa. Na san wani attajiri a zangonmu da ya biya wasu samari uku kuɗin gida cif, ya sauke bulo da yashi, rana ta uku sai ga wata tsohuwa daga ƙauye da jikokinta, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta ce ɗakin da aka haifi uwarta ke nan. Shari'ar ta fi shekarun da zai yi yana ginin yawa, kuma yashin nan yara suka kwashe.

Saboda haka ki nemi lauyanki, ba wanda masu sayarwa suka kawo ba. Ya ga takardar da kotu ta ba masu kula da gadon, ko tabbacin wasiyya in akwai, da takardar da ta mayar da gidan sunan magada. In matar marigayin tana raye, hannunta ya shiga. Sannan ke da kanki, ba ta bakin dillali ba, ki je ki gaida tsofaffin layin. Mai sayar da koko da ƙosai a bakin kwana ta fi fayil sanin wanda ke da magana a gidan nan.

Sai ƙasar da gidan ke kai. A Kumasi ba a sayen ƙasa sayen har abada. Tsarin mulkin 1992 ya hana a mallaka wa kowa ƙasar sarauta dungurungum, haya ce ta dogon zango, galibi shekara 99 ga gidan zama. Abin da za ki saya shi ne ragowar shekarun. Ki ɗauki biro: in an rubuta hayar a 1940, za ta ƙare a 2039. Ana sabuntawa, amma da kuɗi, kuma da sharuɗɗan mai ƙasa, don haka gidan da ya rage masa shekara goma sha ba farashinsa ɗaya da mai shekara sittin ba, komai sunan wanda ya zauna a ciki. Wasu filayen tsakiyar gari gwamnati ce ke riƙe da su amana a madadin Kujerar Zinariya, wato gadon sarautar Asante, Hukumar Filaye ke kula da su. Wasu kuma sai an bi ta ofishin filaye na Asantehene, Sarkin Asante, a Manhyia. Binciken da lauya zai shigar a Hukumar Filaye shi zai nuna wanne ne, da sunan wa ke kan takarda, da ko an jinginar da gidan a banki. Yawancin takardun hayar nan kuma suna da sharaɗin cewa ba a miƙa wa wani sai da izinin mai ƙasa. Ki sa safiyo mai lasisi ya sake auna filin, domin ɗakunan aiki na bayan gida, irin waɗanda ake ƙarawa yau ɗaya gobe ɗaya, sau da yawa sukan tsallaka iyaka su shiga lungu ko filin maƙwabci. Kada a wayi gari ashe ɗakin da kika fi so rabinsa ba naki ba ne.

Game da ɗanki: in har yanzu ɗan Ghana ne a takarda, ko da yana da fasfo biyu, babu damuwa. In kuwa ya ajiye zama ɗan ƙasa lokacin da ya karɓi na Jamus, doka ba ta ba baƙo hayar da ta wuce shekara 50 a lokaci ɗaya. Ku zauna ku yanke sunan wa za a sa, a rubuta nawa kowa ya kawo, da shaidu. Kina da wasu 'ya'yan, shi ma yana da iyali ko zai yi, kuma rai na hannun Allah.

Ƙananan basussuka kuma ki tono su tun yanzu: harajin gida na KMA, wato hukumar birnin Kumasi, kuɗin ƙasa na shekara-shekara, tsohon bashin kamfanin wuta na ECG da na ruwa. A cire daga farashi. Biya ta banki, kashi-kashi, kashi na ƙarshe sai ranar da aka miƙa makullai. In akwai 'yan haya, masu sayarwa ne za su sallame su kafin ranar, musamman wanda ya taɓa biyan kuɗin shiga shago, domin irin wannan ba ya fita da fatar baki.

Mutum ɗaya ne zan ce kada a sallama. Kusan duk gidan mai sana'a irin wannan akwai wani tsohon yaron shago da ya maƙale, ya tsufa a nan, yana ɗan rubuta lambar mota ko allon mai aski don ya ci abinci. In akwai shi, ki riƙe shi hannu bibbiyu. Shi ya san wane allo aka zana a wace shekara, wane ne na maigida wane ne na yara, ina ake jiƙa burushi, me ya sa aka toshe waccan taga. Ki bar masa kusurwarsa, ki sa wani yaro ya zauna da waya yana ɗaukar hirarsa.

Yanzu ga tarihin da dillali ke tallatawa. Sayen gida bai haɗa da kayan da ke ciki ba sai an rubuta. Na ga inda mai saye ya zagaya ya ga alluna jingine har rufi, ya biya, ranar karɓar makulli ya tarar da ɗaki fayau, an share har da ƙusoshi. Kafin a yi ciniki ki shiga da mai ɗaukar hoto, a ɗauki kowane abu, a ba shi lamba, a haɗa jerin da yarjejeniya: alluna, littattafan zane, teburin haɗa fenti, kwalayen hotunan da mutane suka kawo a zana su, littafin da yake rubuta masu ba da aiki. Wannan littafin na ƙarshe, mai datti da kunnuwa a naɗe, wata rana zai fi duk kujerun gidan daraja. Ki kuma san cewa mallakar allo daban, haƙƙin zanen da ke kai daban. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005 ta bar wa magada wannan haƙƙi har shekara 70 bayan rasuwar mai zane. Za ki iya rataye hoton a nuna wa baƙi, amma buga shi a riga ko kalanda ana sayarwa, ko sa sunan marigayin a allon ƙofa, ki nemi yardarsu a rubuce tun suna marmarin kuɗinki.

Bari in ba ki labarin kuskurena, don shi ya koya mini wannan aiki fiye da makaranta. Shekarun baya aka ba ni gyaran wani shagon mai rubuta alluna. A gefen ƙofa, daidai tsayin kafaɗa, akwai wani wuri a bango kamar faɗin faranti biyu, inda mutumin ya shekara da shekaru yana goge burushi yana gwada launi. Fenti ya hau kan fenti har ya yi tudu, kaurinsa ya kai yatsa, ja da shuɗi da ruwan ƙwai sun cakuɗe kamar bawon bishiya. A samansa da fensir ya rubuta lambobin waya na zamanin da lamba ba ta wuce huɗu ko biyar ba, da awon allo, da bashin wani direba. Na ce wa leburori su share ɗakin, na tafi Sokoban sayen katako. Kafin in dawo wani yaro mai ƙwazo ya sa kurfi ya kankare wurin tas, yana jiran in yaba masa. Da 'yar marigayin ta zo ta ga bangon, ba ta ce mini komai ba, ta dai tsaya ta dafa wurin. Laifina ne, ni ban ce a bari ba. Tun daga ranar, kafin lebura ya taka irin wannan ɗaki, sai na zagaya da alli na kewaye duk abin da ba a taɓawa, na rufe shi da filawud. Ki yi haka. Ɗigon fenti a daɓe, ƙusar da yake rataye hula, layin da ya ja a bango don auna harafi, su ne gidan mai zane. In aka shafe su aka sa tayil, kin sayi tsohon gida ne kawai da tsada.

Hukumar Gidajen Tarihi ta Ghana tana kula da abubuwan da aka ayyana na ƙasa, irin su ganuwoyin bakin teku, da tsofaffin masallatan arewa kamar na Larabanga, da gine-ginen gargajiya na Asante da UNESCO ta sa a jerinta a 1980. Da wuya gidan mai zane mai zaman kansa ya kasance a ciki, amma lauya ya tambaya. In ba ya ciki, ba wanda zai hana ki rushewa, ba kuma wanda zai ba ki ko kwabo na gyara. Izinin gini dai sai kin nema a KMA in za a taɓa ginshiƙi ko a ƙara ɗaki ko a canza amfanin wurin.

Ginin kansa, abokin gabarsa ruwa ne. Kumasi na samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, a damina biyu. Gidajen wancan zamani da yawa bangonsu na ƙasa ne da aka dandaƙa, ko jan bulo da aka ɗaura da farar ƙasa, a sama kuma baranda ta katako da tagogi masu fiffike. Irin wannan bango yana shan laima yana fitarwa, haka ya rayu shekara tamanin. Abin da ke kashe shi gyaran gangar Auzinawa ne: a zo a yaɓe shi da siminti mai ƙarfi, a bi da fentin mai, ko a manna tayil daga ƙasa zuwa ƙugu don a ɓoye tabon laima. Siminti ba ya barin ruwa ya fita. Laimar da ke tasowa daga ƙasa sai ta maƙale a ciki, ta haura sama, ƙasar bangon ta zama kamar kunu a bayan yaɓen da ke sheƙi. Ki ƙwanƙwasa da mariƙin makulli. Inda ya yi ƙara kamar ganga, yaɓe ya rabu da bango. Magani shi ne a cire simintin a hankali, kashi-kashi, a bar bango ya sha iska, a cike ramuka da irin ƙasar da aka gina shi, a yaɓe da farar ƙasa da yashi, kamar ɗaya bisa uku, a shafe da farar ƙasa. Birkilan yanzu zai yi miki dariya ya ce aikin ƙauye ne. Ki nemi dattijo, ko a ƙauyukan wajen Ejisu, wanda hannunsa ya san laka.

Ki duba kuma tsayin titi. An yi ta ɗora kwalta da kwata a kan na da, har gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni suka koma ƙasa da hanya, ruwan layi na gangarowa zaure. In haka ne, kuɗin magudana ya riga kuɗin fenti. Tsagar bango kuwa ba duka ke ba da tsoro ba. Siririya kamar gashi a yaɓe ba komai. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga, bakinta ya fi faɗi a sama, ita ce ke cewa tushe na motsi. A dasa mata ɗan yaɓe a kan tsagar, a rubuta kwanan wata, a dawo bayan damina. In ya tsage, sai injiniya. Kuma kada kowa ya ce miki a zuba dakin na kankare a kan bangon ƙasa don ƙara hawa. Ba zai ɗauka ba.

Gyara daga sama ake fara shi. Kwano, indararo, magudana, sannan a jira gida ya bushe kafin a taɓa ciki. Aikin rufi ki sa shi tsakanin Disamba da Fabrairu. Yaɓen farar ƙasa kuma ba ya son tsakiyar hunturu, yakan bushe da sauri ya farfashe, sai an riƙa yayyafa masa ruwa ana rufe shi da buhu. Kafinta ya hau silin da tocila da tsinken ƙarfe ya soki kowane katako, musamman bakin da ya shiga bango. In katakon odum ne, da wuya gara ta yi masa illa, kuma irin wanda aka yanka a wancan zamani ba za ki same shi a kasuwa yau ba, don haka a yanke inda ya ruɓe a yi masa ƙari, kada a fitar da shi duka. Ki sa ido, domin tsohon odum yana da ƙafa, dare ɗaya yake bin mota. Katakon da ake kira wawa kuwa abincin gara ne, kada a sa miki shi a rufi.

Abu biyu masu cutarwa. In rufin ɗakunan aikin irin toka-tokan nan ne da ake kira silet, akwai yiwuwar asbestos ne, wanda ƙurarsa ke lalata huhu bayan shekaru. Ba a sare shi, ba a fasa shi, jiƙa shi ake yi a kwance shi ɗai-ɗai. Tsohon fentin mai kuma sau da yawa yana da dalma, a shagon mai zane ma abin ya fi yawa. Kada a goge shi a bushe da sanfefa, kuma kada jikoki su yi wasa a wurin lokacin aiki. Tudun fentin da na ce a bari, a rufe shi da gilashi. Wayar wuta a sake ta gaba ɗaya, a hannun mai lasisin Hukumar Makamashi, da mita daban ga ɗakunan aiki don kada ku yi ta rigima da masu keken ɗinki kan kuɗin wuta.

Tagogin ɗakin zane kada a taɓa su sai an zauna a ciki yini guda. Littattafan Turawa na cewa ɗakin zane ya kalli arewa, amma mu muna kusa da tsakiyar duniya: daga Afrilu zuwa farkon Satumba rana ta arewa take bi da tsakar rana, sauran watanni ta kudu. Abin da ke aiki a nan shi ne dogon baki na rufi a arewa da kudu, da kare gabas da yamma. Mai zanen ya riga ya gano wannan da idonsa. Inda ya toshe, da dalili.

Ko gidan zai ciyar da kansa? Da kuɗin masu zuwa kallo, a'a. Fadar Manhyia da Turawa suka gina a 1925 don Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya bayan dawowarsa daga tsibiran Seshel, ta zama gidan tarihi a 1995, amma wannan sarauta ce ke bayanta. Wuraren masu sana'a da suka daɗe, aiki ne ya riƙe su. Shagon hoto na Deo Gratias a Jamestown ta Ankara, babban birnin Ghana, tun 1922 yake a hannun zuri'a ɗaya. Wurin su Kane Kwei a Teshie baƙi na zuwa ne saboda ana sassaƙa akwatunan gawa masu siffar kifi da mota a gabansu. Nan Suame ma, mutane na tsayawa wurin Kwame Akoto, wanda aka fi sani da Almighty God, don fenti ɗanye ne a wurin. Shawararki ta sa yara a ciki ita ce daidai. Ni dai da ni ne, ɗaki ɗaya zan bari yadda marigayi ya bar shi, biyu a ba masu aiki, ɗaya daga ciki da haya ta gaske don ta biya wuta da harajin gida. Dukanci kuma a ajiye jima a wani wuri, a kawo fata gyararriya, in ba haka ba maƙwabta za su kai ki ƙara.

A lissafina, duk abin da magini ya ƙiyasta miki a tsohon gida ki ajiye kusan kashi ɗaya cikin uku a kai, don sai an ɓare yaɓe ake ganin gaskiya. In bayan biyan gidan ba abin da zai rage na rufi, ki rage tayi ko ki haƙura.

Dillali zai so ya kai ki da hantsi, rana na haskawa. Ki ce masa sai ranar da aka kwana ana ruwa. Ki je da sassafe kafin a share, da maginin da kika yarda da shi, da tocila, da tsani. Ki duba inda aka jera bokitai, ki shinshina ɗakunan ƙasa, ki ɗaga allon da ke can ƙarshen jingine ki ga bayansa.